Gaisuwa Ce Kawai

Doguwar kujerar falona ni na zaɓe ta, ni na yi cinikinta, ni na tsaya a kan masu ɗauko ta har suka shigo da ita ba tare da sun goge mini fenti ba. Amma rabona da in miƙe ƙafa a kanta tun ranar da ƙanena Abdulmajeed, wanda muke kira Majidu, ya gama bautar ƙasa a Bwari, ya shigo mana gida da jaka ɗaya da kwamfutarsa, yana cewa, "Yaya, kwana biyu kawai zan yi kafin wani abu ya faɗo." Damina ta zo ta wuce mu a Karu, wata ta sake zuwa, babu abin da ya faɗo sai tsakiyar kujerar, wadda ta lotsa daidai tsawonsa.

Kada wani ya ce na tsani ɗan'uwana. Ni na goye shi. Yaro ne mai hankali, ga digirin ƙididdiga mai kyau, ga sallah a kan lokaci, ba ya shan komai sai shayi, ko da yake shayin yana shan sa ne kamar an ɗauke shi aikin hakan. Matsalarsa ɗaya ce, kunya. Idan ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. Idan abinci bai ishe shi ba zai ce ya ƙoshi, can anjima ka ji motsin murfin tukunya a kicin.

Ranar da haƙurina ya ƙare, matan ma'aikatarmu ne suka biyo ni gida. Mun sha cunkoson Nyanya, mun shigo a galabaice, sai ga Majidu a miƙe a kan kujera yana minshari, singiletinsa a shanye a hannun kujerar, kofin shayi a ƙasa. Baƙina suka zauna a kujerun cin abinci kamar waɗanda suka zo ganin likita. Suna tafiya na tashe shi.

Na ce, "Saurara da kyau. Babbar Sallah dukanmu za mu je Funtuwa. In ka samu aiki kafin nan, mu dawo tare. In ba ka samu ba, ka haɗa kayanka har da cajar waya, ka zauna shagon yadi wurin Baba."

Na san abin da na faɗa. Babu abin da Majidu yake tsoro a duniya kamar shagon nan. Ba raina sana'ar ya yi ba, ita ta ciyar da mu. Amma ya koma ya riƙe almakashi, abokan karatunsa suna wucewa suna cewa, "A'a, injiniya, an dawo ke nan?" alhali ko injiniyan ma ba shi ba ne, wannan zai karya shi, kuma ni ma zai yi mini ciwo. Mijina, Abban Zuhra, ya ce na yi tsauri. Na tuna masa cewa shi da bakinsa ya ce ya gaji da kallon labarai a tsaye.

Majidu ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

Ba a jima ba ya zo mini da albishir, wai ya shiga LinkedIn. Ya ce dandali ne a intanet inda manya suke zaune, daraktoci da masu ɗaukar aiki, kowa da hotonsa da muƙaminsa, kana iya yi musu magana kai tsaye ba sai wani masinja ya ce maka oga yana mitin ba. Ya ce har ya samu hanya. Akwai wata Madam Perpetual, ita ce mai ɗaukar ma'aikata a wani kamfani da ke Jabi, masu kai fitilun sola ƙauyuka.

"Kuna magana?"

"Kullum, Yaya."

Sai na ji sanyi a raina, har na ƙara masa madara a shayi. Daga nan duk lokacin da na tambaya, "Ya Madam?" sai ya ce, "Alhamdulillahi, ana kan hanya. Jiya ma ta ɗaga mini babban yatsa." Azumi ya zo ya wuce ana kan hanya. Aka yi ƙaramar Sallah ana kan hanya. Na fara tunanin ko hanyar ta Legas ce.

A tsakanin nan Baba ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a da ta riƙa ba mu dariya. Uban da a da sai dai ya yi maka filashin ya jira ka kira, sai ga shi kowace Juma'a bayan an sauko masallaci yana kiran Majidu da kansa. Ni ba ya kirana, ni ce 'yar fari, ko sunana ba ya faɗa, sai dai "yayarka". Kiran kuma iri ɗaya ne kullum. Ya Abuja, ya zafi, ya yayarka da maigidanta, ya yara, ya neman. Sai ya ɗan yi shiru, ya ce, "To madalla. Dama gaisuwa ce kawai." Ya kashe. Muka yanke hukuncin cewa kamfanin waya ne ya yi wa Baba kyautar kati ya rasa inda zai kai shi.

Wata Asabar da safe ina suyar ƙosai, Majidu ya tsaya a ƙofar kicin da waya a hannu, fuskarsa kamar wanda 'yan sanda suka tambaya takardun mota.

"Yaya, ta ba da amsa."

"Wace amsa? Ba ka ce kullum kuna magana ba?"

Ya miƙo mini wayar. Da Turanci ta rubuta, a taƙaice: "Saurayi, ni matar aure ce, 'ya'yana huɗu, kuma mijina ya ga saƙonninka. Me kake nema a wurina?"

Na rage wuta, na goge hannu a zani, na fara jan allon wayar sama. Jama'a, na ja, na ja, yatsana ya gaji ban kai farko ba. Barka da safiya, Madam. Da fatan an tashi lafiya, Madam. Ya aiki, ya iyali. Ranar da aka yi ruwa, ya ruwa. Kowace Juma'a ya aika mata hoton masallaci da furanni da fatan Juma'a mai albarka, matar da gicciye ke rataye a wuyanta a cikin hotonta. Don kada a ce ya yi son kai, ranar Lahadi ma yana yi mata barka da Lahadi. Ita kuwa, ban da babban yatsan nan da ta taɓa ɗaga masa a farko-farko, ko uffan ba ta ce ba. Ashe yatsa ɗaya ne yake ta sake ba ni labarinsa.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne na shafinta. Matar nan ta sanya sanarwa ƙarara cewa kamfaninsu yana neman wanda ya karanta ƙididdiga, mai sha'awa ya turo CV. Mutane sun yi ta rubuta "na tura" a ƙasa. Ɗan'uwana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma ya yi sharhi, da Hausa kuma: "Allah ya ba mai rabo."

Na ce, "Majidu, ina wurin da ka gaya mata kana neman aiki?"

"Haba, Yaya. Ai ba a yi wa babba haka. Daga haɗuwa sai roƙo?"

"Daga haɗuwa? Tun kafin azumi fa!"

"Ai ta gani. In kana gaishe da babba, kana sake gaishe shi, shi da kansa zai ce, 'Yaro, me ake ciki?' Sannan ka faɗa. Haka aka koya mana."

Gaskiyarsa, haka aka koya mana. A Funtuwa in kana son alfarma wurin wani Alhaji, zaurensa za ka je ka durƙusa ka gaishe shi ka tashi, gobe ka koma, har ranar da zai ce a kira masa yaron nan. Amma Alhajin ya san ubanka, ya san ka gama makaranta, ya san takalminka ya tsinke. Ita wannan baiwar Allah me ta sani? Na buɗe shafinsa don in ga abin da take gani. Hoton biki ne, ya sha hula da baƙin gilashi, ga rabin kafaɗar ango da aka yanke a gefe. A inda mutane suke rubuta sana'arsu a ƙarƙashin suna, shi ya rubuta "Bawan Allah". Ni ma da irin wannan ya dame ni da barka da safiya, da tuni na kai wa Abban Zuhra ƙara.

Ya ce shi goge shafin zai yi gaba ɗaya, ya riga ya ji kunya. Na ce in ya goge, yau ɗin nan zan kai shi tasha ba sai Sallah ba. Na zaunar da shi a kan buhun shinkafa, na ce ya ba ta amsa yanzu, a gabana. Ya yi ta danne-danne yana gogewa. Da na leƙa, ga abin da ya rubuta: "Barka da safiya, Madam. Ya maigida?"

Matsamin ƙosai ne a hannuna, Allah ne ya kiyaye ban yi amfani da shi ba.

Sai da ƙosai ya huce, zufa ta jiƙa masa riga, sannan ya haɗa layi uku. Ya ba ta haƙuri, ya ce wallahi ba soyayya ba ce, ƙididdiga ya karanta, aiki yake nema. Ya danna, ya ajiye wayar a kan firji kamar ta ƙona shi, ya shige banɗaki ya ƙi fitowa. Kafin in juye man suya amsa ta shigo: jerin fuskokin dariya har da masu hawaye, sannan ta ce ya zo ofis ranar Juma'a da safe, ya taho da CV.

Na buga ƙofar banɗakin na ce ya fito ya nuna mini CV ɗin.

Shafi biyar ne. Akwai ranar haihuwa, akwai ƙaramar hukuma, akwai sanarwar cewa shi namiji ne. Akwai makarantar firamare da muƙamin da ya riƙe a can, monita. A wurin abin sha'awa ya sa tafiye-tafiye, mutumin da tafiyarsa mafi nisa ita ce daga kujera zuwa fulas. Waɗanda za su tsaya masa su uku ne: limamin unguwarmu ta Funtuwa, da Kawu da ba ya ɗaukar baƙuwar lamba, da wani malaminsu da ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. A wurin aikin da ya taɓa yi kuwa, layi ɗaya tal: ya yi bautar ƙasa a wani ƙaramin asibiti a Bwari, ya ɗan taimaka.

Ya ɗan taimaka! Ni na san abin da ya yi a asibitin nan. Ya tarar da katunan rigakafin yara a cikin kwalaye, ɓera ya ci wasu, ruwa ya taɓa wasu. Shi kaɗai ya zauna ya shigar da su kwamfuta, ya tsara yadda nas za ta danna ta ga ƙauyen da aka tsallake da yaran da allurarsu ta wuce. Shugabar nas-nas ɗin har gidan nan ta zo godiya da kaji, ni na fige su.

"Me ya hana ka rubuta wannan?"

"Yaya, ai riya ce. Don Allah na yi."

"Allah ya gani. Madam ce ba ta gani ba."

Abban Zuhra, wanda yakan zauna a kwamitin intabiyu a hukumarsu, ya karɓi kwamfutar. Ya ce su a wurinsu CV ba ta wuce kallo ɗaya, in shafin farko bai ce komai ba sauran ko buɗe su ba a yi. A cire firamare, a cire ƙaramar hukuma, a bar mamaci ya huta. A fara da abin da mutum ya iya da abin da ya gyara da hannunsa. Ya ce, "To, Abdul, faɗa mini, ni zan rubuta."

Majidu ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ai ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani mai shara ma da yake ɗauko mini kwalayen."

Na ga in aka biye masa mai sharar za a ɗauka aiki. Na gyara ɗaurin ɗankwali, na tsaya a tsakiyar falo, na ɗaga murya irin ta maroƙan gidan biki. "Majidu na Baba, mai tashin matattun fayil! Ɓera ya ci, kai ka ƙwato! Ɗan Funtuwa mai sa kwamfuta ta yi magana! Wanda ya nemo yaran da allura ta manta da su!" Ina yi Abban Zuhra yana mayar da kirarin Turancin ofis, yana tsayar da ni yana tambayar Majidu ƙauyuka nawa, da wace manhaja, cikin wane lokaci. Abin mamaki, in dai tambayarsa aka yi yana amsawa daidai, ta ƙarƙashin filon da ya rufe fuska da shi.

Kafin la'asar shafi biyar ya koma ɗaya. Majidu ya karanta a hankali, ya sake karantawa, ya ce, "Wannan mutumin ko ni zan ɗauke shi aiki." Aka ara masa kwat, aka tsayar da shi jikin bango aka ɗauki sabon hoto ba gilashi. "Bawan Allah" ma aka sauke shi, na ce wannan muƙami ne da kowa yake riƙe da shi.

Ranar Juma'a na nemi uzuri a wurin aiki na kai shi da kaina. Ban yarda da shi ba. Yana iya zuwa ya gaishe da maigadi ya juyo gida ya ce ana kan hanya. A bakin titi an riga an fara ɗaure ragunan layya, na ga yana kawar da kai daga kallonsu.

Da ya faɗi sunansa a wurin mai karɓar baƙi, yarinyar ta zaro ido, ta juya ta ƙwala wa na ciki kira, "Malam Gudmonin ya zo!" Kawuna suka riƙa leƙowa daga ƙofofi. Wani har ya taso ya ba shi hannu ya ce, "Ya ruwa?" Ashe duk ofishin ana bibiyar gaisuwar, kamar wasan kwaikwayon rediyo. Majidu ya so ƙasa ta tsage, na riƙe masa hannun kwat.

Madam Perpetual doguwar mace ce mai tabarau, dariyarta tana riga ta shiga ɗaki. Tana jin Hausa irin ta Abuja, ta ce a Gusau ta yi bautar ƙasa.

"Kai ne? Zauna, zauna. Wannan matarka ne?"

"Yayata ce, Madam."

"Yauwa. Yaya, ƙaninki ya kusa kashe mini aure. Oga na ya ce, wane ne wannan mutum kullum gudmonin, gudmonin, ko ni ba na gaishe ki haka."

Muka yi dariya, ban da Majidu. Sai ta cire tabarau ta daina wasa. Ta ce lokacin da ta sa sanarwar nan ta leƙa shafinsa, ta ga can ƙasa an rubuta ƙididdiga, ta yi zaton zai turo takarda. Sai ta ga ya rubuta wani abu da Hausar da ta fi ƙarfinta, ta sa direbanta ya fassara mata.

"Ya ce wai Allah ya ba mai rabo. To, na ba mai rabo. Ya fara aiki wata da ya wuce."

Na dubi Majidu, ya ƙura wa takalminsa ido. Duk masifar da nake yi masa, a lokacin nan tausayinsa ne ya kama ni. Aikin da ya dace da shi kamar an auna, ya tsaya a bakin ƙofa yana yi wa wasu addu'a suka shige.

Ta miƙa hannu ta karɓi CV ɗin. Ta karanta, ta ɗaga gira, ta ce ya ba ta labarin Bwari.

Ya fara, "Ai ba wani abu ba ne sosai..."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, da dunduniyar takalmi. Ya ce mini yi haƙuri, sannan ya fara bayani. Da ya shiga maganar lissafi sai ga wani Majidu daban, yana zana mata abu a bayan ambulan, yana nuna mata inda masu tattara bayanai suke yin kuskure a ƙauye. Ta yi masa tambayoyi, ya amsa ba inda-inda. Daga ƙarshe ta ce akwai wani gurbi da ba su kai ga sanarwa ba, na bin ƙauyukan Orozo da Karshi ana tattara bayanan masu fitila. Akwai rana, akwai hawa babur, kuma sai ya ci jarrabawa a mako mai zuwa.

"Kana so?"

"Duk yadda kika gani, Madam."

"Ban tambaye ka yadda na gani ba. Kana so?"

Ya ɗago kai. "Ina so." Maganar ta fito kamar tari, amma ta fito.

Ta rako mu har ƙofa. Ta ce masa, "Ka san oga na ya ce in toshe ka? Na ce a'a. Mutum ba ya gaishe ka kullum kullum haka kawai, akwai magana a bakinsa. In shi ya kasa faɗa, sai kai ka tambaye shi. Shi ya sa na tambaya."

Ya yi Juma'a a wani masallaci kusa da ofishin, na jira shi a mota, muka kamo hanyar gida. Ni baki har kunne, ina lissafa yadda zan kira mai gyaran kujera ya ƙara mata soso, in sa a wanke ta, in hana kowa zama a kanta sai ni. Majidu kuwa yana ta kallon titi ta taga. Na ɗauka jarrabawar yake tunani. Mun shiga cunkoson Nyanya ke nan wayarsa ta yi ƙara. Baba ne. Ya sa ta a amsa-kuwwa kamar yadda ya saba, don in ji.

Ya Abuja. Lafiya lau. Ya zafi. Da godiya. Ya yayarka da maigidanta, ya yara, ya neman. Sai ɗan shirun nan, sannan, "To madalla. Dama gaisuwa ce kawai."

"Baba, kada ka kashe."

"Na'am?"

"Baba, ni ya kamata in riƙa kira ina gaishe ka, ba kai ba. Me ake ciki?"

Na juyo na dube shi. Bai janye tambayar ba.

Baba ya ce, "Babu komai. Mutum ba zai gaishe da ɗansa ba?"

"Baba, don Allah. Me ake ciki?"

Na ji kukan zakara ta can ɓangaren. Sannan Baba ya yi gyaran murya.

"Idon nan ne, Majidu. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe su. Tun kafin azumi ban buɗe shago ba. Wata mata ta ce in yanko mata shuɗi, na yanko mata kore, ta tsaya tana kallona. Daga ranar na rufe." Ya ɗan tsaya. "Lambarka ma ba na gani. Malam Fu'ad maƙwabcina ne yake danna mini in mun dawo masallaci, shi yake riƙe mini hannu a hanya."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"Kana can kana neman abin kanka, in ce ka dawo ka zauna da makaho? Na ce dai bari in riƙa gaishe ka."

Motocin gabana sun motsa ban gani ba. Na baya suka cika ni da hon, wani ɗan acaba ya leƙo ya zage ni, ban ko rama ba, ni da ba a zagina in yi shiru. Kuka nake yi sosai, irin mai majina. Tun rasuwar Inna yake zaune shi kaɗai a gidan nan, yana lalube, mu muna nan muna cewa kyautar kati aka yi masa.

Majidu ya ce wa Baba zai sake kira. Ya kashe, ya juyo ya dube ni ido cikin ido. Babu barka da rana, babu ya hanya.

"Yaya, ina so a kawo Baba Abuja a yi masa aikin idon. Ina so ya zauna a gidanki har ya warke."

Tun da aka haife shi ban taɓa jin ya ce yana son abu sau biyu a rana ɗaya ba. Na share fuska da gefen mayafi, na ce to, na sa giya.

Ya ci jarrabawar, ya fara aiki ana saura kwanaki kaɗan Sallah. Yanzu yana dawowa gida fuska ta yi baƙi da rana, yana ba mu labarin ƙauyukan bayan Karshi ko ba a tambaye shi ba, a ofis kuma har yau Malam Gudmonin suke ce masa. Mun je Funtuwa mun yi layya, mun dawo da shi kamar yadda na yi alkawari, da Baba a gidan gaba yana riƙe da rediyonsa. Gidanmu ɗaki biyu ne, namu da na yara, Baba kuwa ya rantse ba zai tashi jikokinsa daga gadonsu ba. Saboda haka doguwar kujera ta koma hannunsa, Majidu ya sauko ƙasa kan katifa, ni da Abban Zuhra muka ci gaba da kallon labarai a tsaye.

An yi wa ido ɗaya aiki, ɗayan sai ya huta. Ranar da aka cire masa bandeji muka dawo gida, Baba ya tsaya a tsakiyar falo yana bin komai da kallo. Ya dubi labule, ya dubi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kallon Majidu cikin rigar kamfani. Ni ya yi mini kallo ɗaya ya kawar da kai, kamar yadda ya saba. Sannan ya zauna, ya shafa kujerar da tafin hannu.

Ya ce, "Majidu, ka gaya wa yayarka kujerar nan ta lotsa."

Na ce a gaya masa na sani.